Ciniki ana yi, kaya na ramewa: ta ina mai shagon tireda zai fara?

Tambaya: Ina da shagon tireda a unguwarmu a Kano, shekara uku ke nan. Ciniki alhamdu lillahi, a rana nakan haɗa kamar naira 70,000. Amma kayan shagon ba sa ƙaruwa, har gani nake raguwa suke yi. Ina so in sayi firiza da sola, na tambayo an ce za su ci kusan naira 900,000. Ina so in buɗe shago na biyu a bakin titi, ina kuma tunanin fara POS. Mutane suna riƙe da bashina kusan naira 250,000. Wane tsari zan bi mai sauƙi?

Amsa: Ƙanena, Allah ya yi wa nema albarka.

Na karanta tambayarka sau biyu, kuma abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar da ka wuce ta da sauri, cewa kaya raguwa suke yi. Shagon da ake haɗa naira 70,000 a rana amma kantocinsa suna ramewa, akwai inda yake yoyo, kuma duk abin da ka ɗora a kansa kafin ka gano wurin, ta nan zai zurare. Na yi yaron shago a Kasuwar Singer, na riƙe nawa shagon, yau shekaru ke nan ina zama da ƙananan 'yan kasuwa muna duba littafinsu. Da wuya in ga mai tiredar da ya karye don rashin masu saye. Yawancinsu ana tsakiyar ciniki suke durƙushewa, har maƙwabta su riƙa cewa ai hannu aka sa masa.

Abu uku ka lissafo, ga shi kuwa taura biyu ma ba ta taunuwa. Shago na biyu yana son haya ta shekara, yana son kaya sabo fil, yana son mutumin da za ka ba amana. POS kuɗi tsaba yake so a hannu kullum, kuma daga aljihun tebur ɗin da kake sari da shi za su fito. Ga shi tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 kusan kowane lungu da mai lema da na'urarsa. Firiza ce kaɗai a cikin ukun za ta zauna a shagon da kake da shi, ta yi wa mutanen da suka riga suka saba da kai aiki, ba tare da ka ƙara haya ko yaro ba. Don haka ita za mu riƙe. Sauran biyun ka rubuta su a bangon littafi ka rufe. Ba a ce ka fasa ba, layinsu ne bai zo ba.

Amma kafin maganar firiza, sai ka san nawa ne jarinka. Na san za ka ce ka sani. Kusan kowa haka yake cewa, ya waiga ya dubi kanta ya yanko adadi. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. To a shagon tireda ido maƙaryaci ne, domin katan ɗin da babu komai a ciki ma cika wuri yake yi. Ranar Juma'a mai zuwa bayan an sauko daga masallaci, ka saya ƙofa, ka kira yaronka, ku sauke komai ƙasa. Sukari, madara, sabulu, taliya, Maggi, ashana, har alawar da ke cikin roba. Kai kana ƙirgawa, shi yana rubutawa. Kowane kaya ka sa masa kuɗin da za ka saro shi a Singer yau, kada ka sa kuɗin da ka saye shi wata biyu da suka wuce, kada kuma ka sa kuɗin da kake sayarwa. Ka haɗa da abin da ke aljihun tebur da na asusun banki, ka ƙara bashin da ka tabbata zai fito, ka cire wanda dila ke binka. Abin da ya rage, shi ne jarinka.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Malaman Malikiyya sun raba ɗan kasuwa gida biyu wajen zakka: mai ajiye kaya yana jiran tashin kasuwa, da mai juya kaya kullum irinka, wanda suke kira mudiri. Shi mudiri wata guda yake tsayarwa a shekara ya kimanta kayan shagonsa, ya haɗa da kuɗin hannunsa da bashin da yake sa ran biya, in sun kai nisabi ya fitar da ɗaya cikin 40. Dattawan kasuwa da yawa ta wannan ƙofar suke sanin ko bana sun ci gaba ko sun ja baya. Abin da nake so kawai ka mayar da shi duk wata uku.

Dalilin da na dage a kan farashin yau shi ne abin da ya cinye jarin mutane da yawa a 'yan shekarun nan ba tare da sun ji cizo ba. An cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, cikin Yuni aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, kuma zuwa ƙarshen 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100. A irin wannan yanayi sai ka saro katan a naira 10,000, ka karya shi ɗai-ɗai ka haɗa 11,000, ka yi murnar ribar dubu guda, ka kai ta gida a yi cefane. Ka koma Singer ka tarar katan ɗin ya koma 11,500. Ka ci ribar da babu ita, kuma ko katan ɗin da ka fara da shi ba za ka iya mayarwa ba. In aka yi ta haka, sai mai katan 20 ya koma mai katan 14, alhali kuɗin da ke shiga hannunsa kullum ƙaruwa suke yi. Shi ya sa nake cewa mai tireda da katan yake auna jarinsa. Duk ranar da ka ji kaya ya tashi a wurin dila, a ranar za ka gyara farashin wanda ke kantarka, ko da tsohon sari ne. Wasu suna jin kamar zalunci ne. Ba zalunci ba ne matuƙar in kaya ya sauka kai ma ka sauke a ranar, wanda a nan ne da yawanmu muke yin kunnen uwar shegu.

Bayan ƙirga, sai rubutu na kwana 30. Littafin rubutu na 'yan firamare ya isa. Kowane dare kafin ka rufe ka rubuta abu huɗu: cinikin yau, abin da ka kashe a sari, abin da shago ya ci na mota da dako da leda da abincin yaro, da abin da gida ya ci. Na huɗun nan shi ne mai wuya, domin ba ya kama da kashe kuɗi. Da safe ka miƙa hannu a aljihun tebur ka ɗauki na cefane. Da hantsi ɗanka ya zo, in ji Umma a ba da sukari da madara da sabulun wanki, ka zuba masa a leda kana amsa gaisuwar wani. Da yamma ƙanenka ya biyo, ka buɗe masa lemo. Abokan hira a bencin ƙofar shago kowa ya tsinci biskit. Babu wanda ya yi sata a cikinsu, amma duk daga uwar kuɗi ake yanka.

Bari in yi maka misali da alƙalumanka, kai kuma ka maye gurbinsu da na gaskiya in littafi ya cika. Mu ɗauka a kowace naira 100 ta ciniki kana samun 10. A 70,000 ribarka 7,000 ke nan. Cefane ya ɗauki 3,500. Kayan da gida ke kwasa a shago 800. Yaro 700. Haya in naira 180,000 ce a shekara, kusan 500 ke nan a kullum. Mota da dako da leda wata 500. An tashi 6,000, saura dubu ɗaya. Da dubu ɗaya a rana, kuɗin firizar nan sai ka yi kwana 900, wajen shekara biyu da rabi, in ma farashinta ya tsaya yana jiranka, kuma ba zai tsaya ba. Ga inda tsari yake farawa: ka san tazarar da ke tsakanin abin da shago ke bari da abin da kake so, da lamba, sannan ka zauna ka ga ta ina za a cike ta.

Abu na farko da zan sa ka yi, kuma shi ne wanda mutane suka fi ƙi, ka yanka wa kanka albashi. Ka duba littafin wata guda ka ga abin da gida ke ci na gaskiya, ka tsayar da adadi, ka riƙa ɗaukarsa sau ɗaya a rana ko a mako, ka sa a wani aljihu daban. Daga nan gida ya zama kwastoma. An aiko a karɓi sukari, ka ciro kuɗin daga aljihunka ka jefa a aljihun tebur, a gaban yaron shago, ya gani. Ka zauna da uwargida ka yi mata bayani tun kafin ka fara, ka gaya mata abin da ake tarawa da lokacin da ake so a kai, domin in ba ta san dalili ba za ta ɗauka rowa ce ta same ka da rana tsaka. Na sha ganin inda matar gida, da ta gane lissafin, ta fi mijin tsanani a kansa, musamman in ta san zoɓonta da kunun ayarta za su samu wuri a firizar.

Sai bashi. Naira 250,000 a shekara uku, in ka raba, ba ta wuce naira 230 a kullum ba. Kuɗin Omo ƙulli guda da Maggi ne. Haka yake taruwa, ba wanda ya zo ya ɗauki buhu. Yarinya ce za ta tsaya a bakin kanta ta ce, wai in ji Babanmu a ba shi Indomie uku da ƙwai biyu, in ya dawo zai aiko. Kai da Baban nata sahu ɗaya kuke sallar asuba. Ka ba ta, ba ka rubuta ba, ko ka rubuta a bayan kwalin sigari ya ɓace. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma mai shago a cikin unguwa ba zai iya hana shi gaba ɗaya ba. Allon nan da ake rubuta "ba bashi" a manna a ƙofa, ban taɓa ganin ya hana maƙwabci aikowa ba. Abin da ke aiki shi ne iyaka da rana.

Ka zauna da sunayen duka ka raba su uku. Akwai masu albashi da masu sana'a da suke biya, jinkiri ne kawai. Waɗannan ka sa wa kowa iyakar da ba zai wuce ba da ranar biya, kuma sabo ba ya hawa kan tsoho. Akwai waɗanda nauyin ya yi musu yawa har sun daina biyowa ta layinka don kunya, suna zagayawa wani shagon da kuɗinsu a hannu, ka yi asarar bashin ka yi asarar cinikin. Irin waɗannan ka same su kai kaɗai, ba a gaban mutane ba, ka ce Malam wane, kada wannan ya raba mu, kawo ɗari biyar-biyar duk sanda ka samu, ka ci gaba da sayayyarka a nan. Za ka yi mamakin yawan wanda zai fito ta wannan hanya. Sai kashi na uku, tsohuwar da ba ta da mai yi mata, ko gidan marayu. Wannan ka daina kiransa bashi kana yaudarar littafinka. Ka yafe, ka soke, in kuma za ka ci gaba da taimaka musu ka tsayar da abin da za ka iya a wata, ya fito daga albashinka da sunan sadaka. Daga yau kuma duk wanda zai karɓa a rubuta a gabansa, da kwanan wata. Wanda ya ce ba ka yarda da shi ba ne, ka tuna masa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. A lissafina ba zan sa ran duka za su dawo ba. Mu ɗauki rabi, naira 125,000.

Wurin ƙirgar Juma'ar nan za ka ci karo da wasu kaya da ƙura ta rufe: man shafawar da wani ya taɓa tambaya sau ɗaya ka saro dozin, turaren da ya kwana biyu, gwangwanin da ya kusa lalacewa. Kwantai ke nan, kuma kuɗinka ne suke barci. Masu tireda suna son kaya mai riba mai kauri, suna raina mai riba siririya, alhali lissafin ba haka yake ba. Dubu goma da ka sa a man shafawa za ta iya kawo maka 2,500, amma sai ta yi wata uku kafin ta dawo. Dubu goma a burodi ko fiya wata ko taliya, ko da 500 take kawowa, in tana juyawa sau biyu a mako, a wata ukun nan ta kawo 12,000. Don haka kwantai ka karyar da su ko a kuɗin sari ne, ko ƙasa da haka kaɗan, ka sa su a gaba inda ido zai gani. Wanda ya lalace ka zubar, kada ka sayar wa mutane cuta. Mu ce ka tsira da naira 75,000 a nan. Sannan littafinka zai nuna maka kaya 15 ko 20 da su ne ke ɗauke da shagon. Waɗannan kada a taɓa zuwa a ce babu. Mutumin da ya zo neman sukari sau biyu aka ce ya ƙare, ya koyi hanyar wani shagon, kuma can zai sayi madarar da ganyen shayin.

To yanzu lissafi ya fara kama jiki. 900,000 ka cire 125,000 ka cire 75,000, saura 700,000. Sai rana. Zafin Kano daga Maris yake kamawa zuwa Mayu, a nan ne ruwan sanyi yake zama kamar magani, kuma ba a fafe gora ranar tafiya, don haka firiza ta kasance tana aiki kafin Maris ya shiga sosai. Wani abin lura a nan: da yawa suna sayen firiza da lissafin ƙanƙarar azumi, suna tuna shekarun da azumi ya faɗo a tsakiyar zafi. Azumi yana matsowa da kusan kwana 11 duk shekara. A 2024 cikin Maris aka fara, a 2025 farkon Maris, kuma tafiyar da yake yi cikin hunturu za ta kai shi. Ka gina lissafinka a kan bazara da cinikin yau da kullum, abin da azumi ya kawo ya zama gyara. Idan daga ranar da za ka fara zuwa farkon Maris mako 40 ne, 700,000 ta zama 17,500 a mako, wato 2,500 a rana. Wannan lambar ita ce tsarinka gaba ɗaya. Ka rubuta ta a jikin bango inda kake zama. Duk shawarar da ta zo, ko sabon kaya, ko aron da aboki ya nema, ko ankon biki, ka auna ta da ita: za ta taimaka a samu 17,500 ɗin wannan makon ko za ta ci daga ciki?

Kana da dubu ɗaya a rana, ana neman ƙarin 1,500. Wani ɓangare zai fito daga gida, domin da zarar an fara biyan kuɗin sukari sai shansa ya ragu da kansa. Wani daga sari: maimakon ka shiga Singer sau uku a mako kana biyan adaidaita da dako a kan katan biyu-biyu, ka tsara shiga ɗaya ko biyu, ko ku haɗa kuɗi da masu shago biyu na kusa da kai waɗanda ba layinku ɗaya ba, ku sara da yawa a sauƙaƙa muku, ku raba kuɗin mota. Wani kuma daga gyaran farashi a kan lokaci da na faɗa a baya.

Ragowar kuma daga kayan sanyin kansu, tun kafin firizar ta zo. Wannan ita ce shawarar da na fi so ka ɗauka. Ka nemi babbar kula, ko ta hannu ce, ka riƙa sayen ƙanƙara a wurin masu yi, ka sa fiya wata da lemo da zoɓon gida, ka yi wata guda kana rubuta abin da ya fita da abin da ƙanƙara ta ci. Da kuɗi kaɗan za ka san abin da mutane ke sayen firizar 900,000 kafin su sani: mutum nawa ne a layinku ke neman abu mai sanyi, da wane lokaci, kuma me suka fi nema. In ka gwada da damina ko hunturu ka ga ana saye, to bazara sai abin da ya ƙaru. In kuma ka ga maƙwabcinka mai injin ƙanƙara ya riga ya kwashe kasuwar, ka tsira da kuɗinka, sai mu buɗe bangon littafi mu duba abu na biyu. Gwajin zai kuma gaya maka girman firizar da kake bukata. Sau da yawa ƙarama ta isa, sola da batirin da za su ɗauke ta ma sun fi sauƙi, sai ka ga 900,000 ta sauko. In ka zo saye, ka tafi da mai haɗa sola da ka ga aikinsa a wani shago yana aiki fiye da shekara, ka tambayi mai shagon ba shi ba. Batir shi ne ke fara mutuwa a kayan sola. Na lithium ya fi daɗewa amma ya fi tsada. Ko wanne ka saya, daga ranar da aka kunna ka fara ware kuɗin canza shi daga cinikin sanyi.

Inda za ka ajiye abin da kake tarawa ma magana ce. Kada ya kwana a shago, kada ya zauna a asusun da kwastoma ke turo maka kuɗi. Ka buɗe wani daban wanda ba ka yawo da katinsa. Adashi yana da kyau ga wanda hannunsa ba ya riƙe kuɗi, domin kunyar uwar adashi ta fi ƙarfin niyya, sai dai ka shiga na mutanen da ka sani, ka nemi kwasarka ta faɗo kusa da lokacin saye. Saboda kuɗi na zubewa daraja, in abin da ka tara ya kai kuɗin wani ɓangare, ka saye shi ka ajiye: faifan sola tukuna, sannan firiza, batir a ƙarshe, don shi ba ya son zama ba aiki.

Ba ka tambayi rance ba amma na san zai zo maka a rai wajen mako na goma, lokacin da gajiya ta fara. Manhajojin bashi na waya ka yi nesa da su. Ban da maganar ruwa, wa'adinsu gajere ne, ribar tireda ba ta iya bin sa. In dole sai an haɗa da kuɗin wani, akwai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya biyo baya, masu tsarin murabaha: su sayi kayan su sayar maka da ribar da kuka yi yarjejeniya, ka biya kaɗan-kaɗan. Su ma za su so ganin shaidar shige da ficen kuɗinka, kuma rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC tana taimakawa. Ka ga littafin nan da asusun ciniki guda ɗaya sun sake yin amfani. Ni dai ra'ayina, in gwajin kula ya nuna kasuwa, kuma ka tara kashi biyu cikin uku da guminka, cikon ba laifi. Ƙasa da haka ka ƙara haƙuri. Tun da an zo maganar asusu, ka hana yaronka sakin kaya da ganin hoton tura kuɗi a wayar mai saye. Sai kuɗi sun shigo naka asusun ka gani, domin alat na bogi ya yi wa masu shago da yawa illa.

Duk Juma'a da dare ka ba littafin minti 20. Abu uku za ka duba: an samu 17,500? Bashin da ke waje ya ragu ko ya ƙaru? A cikin kayan nan 15, wanne ne ya yanke a makon? In mako ɗaya ya gaza, ba komai, kasuwa ce. In biyu suka gaza a jere, ka bi layi-layi ka nemo dalili. In wata guda ya gaza, to lissafin ne ya yi tsauri, sai ka matsar da ranar ko ka rage girman firizar. Abin da ba za ka yi ba shi ne rage sari don a cika adadin mako, domin wannan cire bulo ne daga gindin gini a ɗora a sama. Kuma ka sani a cikin mako 40 za a yi Sallah ko suna ko rashin lafiya. Ka ware 'yar ɗari biyu ko uku kullum a gwangwani daban saboda su, in ba haka ba ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi kuɗin firiza za ka taɓa, kuma wanda ya taɓa sau ɗaya ya ga hanya.

Shago na biyu kuwa, ni na yi wannan kuskuren da kaina. Ciniki ya buɗe mini shekara guda, na kama wani shago a bakin hanya, na raba kayana biyu, na zaunar da wani ɗan'uwa. Shagon farko ya rame saboda an kwashe rabinsa, na biyun bai cika ba balle ya ja mutane, ni kuma na zama ɗan acaɓan kaina tsakanin wuri biyu. Ba littafi a can, ba littafi a nan. Da hayar shekara ta zagayo na ƙirga abin da ya rage, sai da na zauna a kan buhun gishiri. Har yau ba zan iya cewa yaron ya ci mini ko sisi ba, domin ban da abin da zan auna shi da shi, kuma zumuncinmu bai koma kamar da ba. Ma'aunin da nake ba mutane tun daga lokacin shi ne wannan: ranar da za ka yi tafiyar kwana uku, ka dawo ka tarar kuɗin aljihun tebur da kayan kanta sun yi daidai da abin da ke rubuce, ranar ka isa buɗe na biyu. Ka fara gwada yaronka da yini ɗaya. Ka ƙirga kayan nan 15 da safe a gabansa, ka bar masa canji sananne, ka tafi Singer ka yi sarinka a natse, da magariba ku zauna ku haɗa lissafi tare.